Darasin Kimiyya: Ɗimuwar Majinyaci Mai Tsananin Ciwo, Yadda Ake Gane Ta da Yadda Ake Jinyarta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san wani hali da kan faɗa wa mara lafiya idan ciwo ya yi tsanani. Mutum mai cikakken hankali, wanda shekaranjiya ya ci kasuwa da ƙafarsa, yau sai a ji yana sambatu, yana kiran waɗanda suka daɗe da rasuwa, yana fizgar robar ƙarin ruwa yana cewa shi gida zai tafi. Wani kuma ko tari ba ya yi. Yana kwance ido biyu, amma in ɗansa ya yi masa magana sai ya bi shi da kallo kamar yau ya fara ganinsa. Likitoci suna kiran wannan hali diliriyam. A wannan darasi za mu kira shi ɗimuwa.

An shirya darasin ne domin ɗaliban aikin jinya, da ma'aikatan lafiya na Wurno da Rabah da Goronyo da ƙauyukansu, da kuma dangi masu zaman jinya, waɗanda su ne ke raba dare a gefen gado. Ɗakin kulawa ta musamman mai na'urar taimakon numfashi sai a manyan asibitoci ake samunsa, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Sai dai majinyacin da aka ɗauko daga Achida ko Gandi ko Shinaka rai a hannun Allah, a asibitin ƙaramar hukumarsa yake fara kwanciya, kuma sau da yawa a nan ɗimuwar take fara bayyana. Don haka sanin ta wajibi ne a kan kowane ma'aikacin jinya, ko da na'ura ko babu.

Mece ce ɗimuwa?

Ɗimuwa gazawa ce da ke samun ƙwaƙwalwa farat ɗaya, sakamakon wata cuta ko wani magani ko wata guba da ke cikin jiki. Ƙoda takan gaza, huhu yakan gaza, zuciya takan gaza. Ita ma ƙwaƙwalwa gaɓa ce, kuma takan gaza. Ana gane wannan gazawa da siffofi huɗu.

Ta farko, tana zuwa ne cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki. Dangi sukan iya faɗin ranar da abin ya fara: "Har jiya da la'asar lafiya lau muke magana da shi."

Ta biyu, tana hawa tana sauka. Da hantsi majinyaci yana gane kowa, bayan magariba ya rikice, da asuba ya ɗan dawo. Galibi ta fi tsananta da dare. Shi ya sa likitan da ya zagaya da safe zai iya ganin mutum garau, alhali ma'aikaciyar jinyar da ta yi aikin dare ta ga wani abu dabam.

Ta uku, kuma ita ce ginshiƙi, mayar da hankali yana rushewa. Mayar da hankali shi ne ikon da ƙwaƙwalwa take da shi na zaɓar abu ɗaya daga cikin dubban abubuwan da ido da kunne suke kawo mata, ta riƙe shi, sannan ta sake shi ta koma kan wani in ta ga dama. Mai ɗimuwa ba ya iya wannan. Za a yi masa tambaya, kafin a kai ƙarshenta ya manta farkonta.

Ta huɗu, tana da sanadi a cikin jiki, wanda in an bincika za a same shi, kuma sau da yawa yana da magani.

Bayan waɗannan, ana iya samun rashin sanin wuri da lokaci, da gane-ganen abin da babu, da zargin cewa ana son a cuce shi, da juyewar barci, wato ya kwana ido biyu ya wuni yana gyangyaɗi.

Dole a rarrabe ɗimuwa da wasu halaye uku. Gigin tsufa yana shigowa ne sannu a hankali cikin watanni da shekaru, kuma a farkonsa mantuwa ce ta fi yawa, mutum yana iya bin zance. Taɓin hankali kuwa galibi yana barin mutum a farke sarai, ya san garin da yake da ranar da ake ciki, ko da tunaninsa ya karkace. Dogon suma shi ne inda ba a iya tayar da mutum sam. Amfanin wannan rarrabewa babba ne. Dattijon da ya rikice jiya yana fama da zazzaɓi, abin da yake buƙata da farko shi ne gwajin jini da maganin zazzaɓin, kafin a yi zancen kai shi asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa na Kware.

Yadda abin ke faruwa a ƙwaƙwalwa

Nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki yake amfani da ita. Abincinta suga ne da jini ke kawo mata, kuma ba ta da wata ajiya ta a-zo-a-gani. Halinta irin na shinkafar noman rani ne a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Goronyo: ruwan da ake sako mata ta magudana shi ne rayuwarta. In an rage ruwan, ko wani abu ya gurɓata shi, ganye zai yi yaushi. Manomi mai wayo kuma magudanar yake bi ya ga inda matsalar take. Haka ma'aikacin jinya, in ya ga hankali ya ruɗe, sai ya waiwayi jini da numfashi.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Suna isar wa juna saƙo ta hanyar wasu sinadarai da ɗaya ke saki ɗaya ta karɓa. Rikicewar waɗannan sinadarai ita ce hanya ta farko da ɗimuwa ke faruwa, kuma biyu daga cikinsu sun shafi darasinmu. Asetilkolin shi ne ke riƙe da farkawa da mayar da hankali; in ya yi ƙaranci, hankali sai ya watse. Dofamin kuwa in ya yi yawa, yana kawo rashin natsuwa da gane-gane. Muna da shaida a kan na farkon a nan ƙasarmu. Zaƙami yana ɗauke da sinadaran atirofin da hayosin, waɗanda ke toshe aikin asetilkolin. Wanda ya sha shi, bakinsa zai bushe, ƙwayar idonsa ta buɗe, jikinsa ya yi zafi, ya yi ta kame-kamen abin da babu. Wannan ɗimuwa ce cikakkiya, wadda guba ta haddasa.

Hanya ta biyu ita ce kumburi. Idan ƙwayar cuta ta shiga jini, garkuwar jiki tana sakin sinadaran yaƙi. Tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai wani shinge mai tace abin da zai shiga. A lokacin ciwo mai tsanani shingen yana yin rauni, sinadaran kumburi su tayar da ƙwayoyin garkuwa na cikin ƙwaƙwalwar kanta, saƙonni su rikice. Ta haka ne ciwon huhu ko ruɓar ƙafar mai ciwon suga ke ruɗa hankali, ba tare da ƙwayar cutar ta shiga kai ba.

Hanya ta uku ita ce taruwar dattin da ya kamata ƙoda ko hanta su fitar, ko hawa da saukar gishirin jini, musamman sodiyam. Ta huɗu ita ce lalacewar agogon barci, wanda hasken rana da duhun dare suke saita shi. Tun a 1959 wasu likitocin Amurka biyu, George Engel da John Romano, suka bayyana cewa igiyoyin lantarkin ƙwaƙwalwar mai ɗimuwa suna tafiya a hankali fiye da na mai lafiya. Ke nan abu ne da ake iya aunawa a jiki.

Masu jawo ta

Dalilan ɗimuwa gida biyu ne. Akwai raunin da mutum ya zo da shi: tsufa, gigin tsufa, raunin gani ko ji, rama saboda ƙarancin abinci, tsohon shanyewar ɓarin jiki, ciwon ƙoda ko hanta. Akwai kuma abin da ya faɗo masa yanzu. Gwargwadon raunin mutum, gwargwadon ƙanƙantar abin da zai ɗimauta shi. Saurayi mai ƙarfi sai ciwo ya kai maƙura. Tsohuwa kuwa ciwon mafitsara kaɗai ya isa.

A gabashin Sakkwato, dalilan suna bin yanayin shekara. Da damina zuwa kaka, zazzaɓin cizon sauro ne kan gaba, musamman a garuruwan fadamar Rima inda ruwa ke kwanciya. Mai tsananinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa kai tsaye, yana zubar da sugan jini, yana kuma ƙarar da jinin. Amai da gudawa suna tsotse ruwan jiki, taifod ma an daɗe da saninta da sa sambatu. Daga hunturu zuwa bazara lokacin sanƙarau ne, domin jiharmu tana cikin zirin sanƙarau na Afirka wanda ya tashi daga Senegal zuwa Habasha, kuma ba a manta da annobar 2017 da ta addabi Zamfara da Sakkwato ba. Tsakanin Maris da Mayu zafi yana haura digiri 40, tsofaffi su bushe ba su sani ba. A kowane lokaci kuma akwai jijjigar masu ciki, da zazzaɓin bayan haihuwa, da raunin hatsarin mota ko na harbi, da gubar maganin feshin gona, da yanke shan turamadol ko kodin ko barasa farat ɗaya ga wanda jikinsa ya saba.

Zaman asibitin kansa yana ƙara nasa: ciwon da ba a kashe ba, fitila a kunne har asuba, ƙarar na'urori, robar fitsari, riƙewar fitsari ko bayan gida, daɗewa a kwance, ɗaure hannu, da wasu magunguna da za mu ambata a gaba.

Nau'o'inta uku

Nau'i na farko shi ne mai tashin hankali. Majinyaci yana ihu, yana duka, yana cire allura. Wannan kowa yana ganinsa. Na biyu shi ne mai lafawa. Majinyaci yana kwance shiru, ba ya neman komai, magana sai da ƙyar, abinci sai an matsa. Na uku gauraye ne, yana kaiwa da komowa tsakanin biyun.

A lura da na biyun ƙwarai. Ya fi mai tashin hankali yawa a ɗakin kulawa ta musamman da kuma tsakanin tsofaffi, shi ne aka fi kasa ganewa, kuma ƙarshensa ya fi muni. Ma'aikaci mai gadaje da yawa a kansa yakan ji daɗin wanda bai dame shi ba, dangi kuma su ce ai ya samu sauƙi, hutawa yake yi. A al'adarmu ta kunya da kawaici, matar da ba ta ɗaga kai ta amsa wa baƙon namiji ba, sai a ɗauka kunya ce. Ido kaɗai ba ya raba kunya da ɗimuwa. Sai an gwada.

Dalilin ba ta muhimmanci

A 2004 Dakta Wesley Ely da abokan aikinsa na Jami'ar Vanderbilt a Amurka suka wallafa binciken da suka yi a kan majinyata masu amfani da na'urar numfashi. Kimanin takwas cikin goma sun ɗimauce, kuma hatsarin mutuwarsu cikin wata shida ya kai kusan ninki uku na waɗanda ba su ɗimauce ba. A 2013 wani binciken daga wannan jami'a, wanda ya bi majinyata 821, ya nuna cewa gwargwadon daɗewar ɗimuwa, gwargwadon raunin tunani bayan sallama; bayan shekara guda, kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka gwada suna da raunin da ya yi kama da farkon cutar mantuwa ta Alzheimer. Ga kuma hatsarin nan take: faɗowa daga gado, cire robar numfashi, shaƙar abinci zuwa huhu, da gyambon kwanciya.

Yadda ake auna ta

Aunawa hawa-hawa ce, kuma ba ta buƙatar komai sai murya da hannu da minti biyu ko uku.

Matakin farko shi ne sanin yadda mutumin yake kafin ya kwanta. Wannan sai dangi. A tambayi wanda ya fi kusa da shi: Yana zuwa masallaci da kansa? Yana riƙe lissafin kuɗinsa? Yaushe kuka ga ya canza?

Mataki na biyu shi ne auna farkawa da ma'aunin RASS, wanda aka tsara a birnin Richmond na Amurka. Sifili shi ne mutum a farke cikin natsuwa. Daga +1 zuwa +4 hawan tashin hankali ne: mutsu-mutsu, yawan motsi marar dalili, fizgar roba, har zuwa duka. Daga -1 zuwa -5 kuwa nutsewa ce. A kira sunansa. In ya buɗe ido ya dube ka fiye da daƙiƙa 10, -1 ne; in bai kai daƙiƙa 10 ba, -2; in ya motsa amma bai haɗa ido da kai ba, -3; in sai an taɓa jikinsa yake motsi, -4; in ko an taɓa shi babu motsi, -5. Wanda yake -4 ko -5 ba a yi masa gwajin ɗimuwa, domin yana cikin suma ne. Sai a sanar da likita, a sake dubawa an jima.

Mataki na uku shi ne gwajin CAM-ICU. Asalinsa gwajin da Dakta Sharon Inouye ta fitar a Jami'ar Yale a 1990, sannan Dakta Ely ya gyara shi a 2001 domin wanda roba ke maƙogwaronsa ba ya iya magana. Yana duba abu huɗu.

Na ɗaya: shin hankalinsa ya canza farat ɗaya, ko ya yi hawa da sauka cikin awa 24 da suka wuce?

Na biyu: mayar da hankali. A tsarin asali ana karanto haruffa goma, majinyaci ya matse hannun mai gwaji duk sa'ad da ya ji harafin A. Ga wanda bai yi boko ba, lambobi sun fi sauƙi. Sai ka riƙe hannunsa ka ce, "Baba, zan faɗi lambobi. Duk inda kuka ji na ce uku, ku matse mini hannu." Sannan ka jero su da murya ɗaya, kana tsagaitawa tsakaninsu: biyar, uku, takwas, shida, uku, tara, uku, uku, huɗu, bakwai. In bai matse a kan uku ba, kuskure ne. In ya matse a kan wata lamba, shi ma kuskure ne. Kuskure fiye da biyu yana nufin hankali ba ya tsayawa.

Na uku: shin ma'aunin RASS ya nuna wani abu ban da sifili?

Na huɗu: tsarin tunani. A yi tambayoyi huɗu masu amsar i ko a'a. Dutse yana yawo a saman ruwa? Akwai kifi a gulbi? Kwano ɗaya na gero ya fi kwano biyu nauyi? Ana buga ƙusa da guduma? Sannan ka ɗaga yatsu biyu ka ce ya yi haka, ka sauke naka, ka ce ya yi da ɗaya hannun. Kuskure fiye da ɗaya alama ce ta rikicewar tunani.

Hukuncin shi ne: in an samu na ɗaya da na biyu, tare da na uku ko na huɗu, akwai ɗimuwa. Ga majinyacin da ke iya magana a ɗakin kwanciya na gama-gari, akwai wani gajeren gwaji mai suna 4AT da aka tsara a Edinburgh, inda ake sa shi ya jero watanni daga ƙarshe zuwa farko. Jero kwanakin mako da baya, daga Asabar zuwa Lahadi, shi ma yana nuna ko hankali na tsayawa.

A kiyaye abu uku. A yi gwajin da harshen da majinyaci ya fi ji, Hausa ko Fulfulde. A tabbatar yana ji yana gani, kada a ɗora wa kurma ɗimuwa. A maimaita a kowane zangon aiki, safe da rana da dare, a rubuta a fayil, a kuma faɗa da baki wajen miƙa aiki. Ga ƙaramin yaro kuwa, uwa ce ma'auni: in ta ce ba ya gane ta, ko ba ya rarrasuwa, ko ya ƙi mama yana kallon sama, a ɗauki maganarta da gaske.

Jinya: neman sanadi

Gwaji ya nuna ɗimuwa, sai me? Sai a shiga neman abin da ya kawo ta, a fara da mai saurin kisa. A auna suga nan take. In ya gaza 3.9 a ma'aunin milimol, a gaggauta ɗaga shi. A maƙala ma'aunin iska a yatsa. In ya gaza 90, majinyaci yana buƙatar oksijin. A auna zafin jiki da bugun zuciya da ƙarfin jini da yawan numfashi. A yi gwajin zazzaɓin cizon sauro. A duba ko wuya ya sanƙare. Mace mai ciki ko mai jego, a duba hawan jini da fitsarinta. A shafa mara a ji ko fitsari ya taru, a tambayi rabonsa da bayan gida. A duba harshe da fata don alamar bushewa. A nemi ciwo. Wanda ba ya iya magana, fuskarsa da ɗaurewar jikinsa za su faɗa. Daga nan a karanta jerin magungunan da ake ba shi, a kuma tambayi dangi cikin mutunci da sirri abin da ya sha a gida, na kemis da na gargajiya.

Akwai alamun da ke nuna a tura shi babban asibiti ba da ɓata lokaci ba: jijjiga mai maimaituwa, shanyewar ɓarin jiki, raunin kai, ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, ɗaukewar fitsari, ko nutsewa zuwa suma. Kafin a kama hanyar Sakkwato, a gyara suga, a sa ƙarin ruwa in ana buƙata, a ba da kashin farko na maganin da likita ya rubuta, a kwantar da shi a gefe, a haɗa shi da takardar bayani.

Jinya: dawo da mutum cikin hayyacinsa

Babban abin da bincike ya tabbatar yana rage ɗimuwa aikin hannun ma'aikacin jinya ne. A 1999 Dakta Inouye ta gwada wani tsari a kan tsofaffi 852: tunatar da su lokaci da wuri, kyautata barci, tayar da su tafiya, ba su tabarau da abin ƙara ji, da shayar da su ruwa. Ɗimuwa ta sauko daga kashi 15 zuwa kusan kashi 10 cikin 100. A 2009 wani bincike a Chicago ya nuna cewa fara motsa jikin masu na'urar numfashi da wuri ya rage kwanakin ɗimuwa daga huɗu zuwa biyu.

A aikace, duk sanda ka zo gado ka yi sallama, ka faɗi ko kai wane ne: "Inna, sannunku da jiki. Ni ce nas mai kula da ku. Kuna asibiti ne, yau Talata, yanzu aka kira azahar." Lokutan salla agogo ne da kowa ya sani, a yi amfani da su. Da rana a buɗe taga haske ya shigo, da dare a rage fitila da hira da ƙarar waya, a haɗa ayyukan dare wuri ɗaya don kada a yi ta tashinsa. A zaunar da shi, in zai iya a taka da shi. A ɗaga kan gado lokacin cin abinci. Duk robar da aikinta ya ƙare a cire ta. In yana gane-gane, kada a yi masa gardama ko dariya, kada kuma a gaskata masa, a ce, "Na ga kun tsorata. Muna nan tare da ku, babu abin da zai same ku." Ɗaure hannu da ƙafa yana ƙara firgici da ɗimuwa, saboda haka shi ne zaɓin ƙarshe, na ɗan lokaci, da izinin likita, ana duba gaɓoɓin a kai a kai.

Batun magani

Har yau babu maganin da aka tabbatar yana warkar da ɗimuwa ita kanta. A 2018 an gwada halofaridol da wani ɗan'uwansa a kan majinyata 566 a Amurka, ba su rage kwanakin ɗimuwa ba. Duk da haka, likita yana iya ba da halofaridol kaɗan idan majinyaci zai ji wa kansa ko wani rauni, yana lura da bugun zuciya. Dayazifam da danginsa kuwa suna ƙara ɗimuwa, suna kuma danne numfashi. Suna da gurbinsu a jijjiga da tsinkau-tsinkau da ɗimuwar yanke barasa, amma ba don a sa majinyaci ya yi shiru ba. Furometazin da fetidin da turamadol su ma a yi hattara da su ga tsofaffi. A ɗakin kulawa ta musamman, ƙa'idar da ƙwararru suka fitar a 2018 ita ce a fara kashe ciwo, a ba da maganin barci gwargwadon buƙata kawai, a rinƙa gwada farkar da majinyaci da gwada numfashinsa kullum, a auna ɗimuwa, a motsa jiki da wuri, a kuma jawo dangi cikin aikin.

Matsayin dangi

A asibitocinmu ba a barin mara lafiya shi kaɗai, wannan kuwa babbar ni'ima ce. Muryar da ya sani tana kwantar da shi fiye da allura. Sai dai a tsara abin: mutum ɗaya ko biyu da ya fi sabo da su, suna karɓar juna, maimakon cincirindon masu dubiya.

Mutane da yawa in suka ga sambatu sai su ce iska ce ko sammu, har su nemi a sallame su. Ma'aikaci ya saurare su ba da raini ba, ya bayyana musu cewa ciwon jiki ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma galibi hankali yana dawowa in an magance shi. Addu'a da karatun Alƙur'ani cikin sassauƙar murya suna tafiya tare da magani. Abin da za a hana shi ne ɗura rubutu ko jiƙo ko kunu a bakin wanda ba ya iya haɗiya, domin zai wuce huhu, da kuma kunna turare ko hayaƙi kusa da oksijin, domin yana tayar da gobara. Neman ilimin magani gado ne a wannan ƙasa: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ya bar rubuce-rubuce a kan cututtuka da magungunansu.

Bayan an warke, wasu sukan tuna abubuwan tsoro da suka gani, ko su ji kunyar abin da aka ce sun faɗa. Kada a yi musu gori. A gaya musu ciwo ne, a kuma sa ido, domin mantuwa da raunin tunani suna iya ɗaukar makonni ko watanni.

Kammalawa

Ɗimuwa gazawar ƙwaƙwalwa ce mai zuwa farat ɗaya, mai hawa da sauka, mai rushe mayar da hankali, mai sanadi a jiki. Ana auna ta da RASS da CAM-ICU a kowane zangon aiki, ana jinyarta da neman sanadi, da barci da haske da motsi da muryar dangi, tare da taka-tsantsan da maganin barci. Ɗalibi da ma'aikacin jinya, ku gwada kowane majinyaci mai tsananin ciwo, har da wanda yake kwance shiru. Ku kuma masu zaman jinya, da zarar kun ga hankalin naku ya canza, ku faɗa wa nas a lokacin, kada ku jira gari ya waye.